Malam Zai Tafi Umara da Wiwi a Jakarsa, Bai Sani Ba

Zuwa ga Hajiya Sailuba, mai filin shawarwari.

Assalamu alaikum. 'Yar nan, don girman Allah ki taimake ni, kuma ki hanzarta, domin jirgi ba ya jiran tsoho ya gama tunani. Na shiga wani hali wanda in na tuna shi sai dariya ta kama ni har da hawaye, in na sake tunawa kuma tsoro ya kama ni. Ɗazu ina zaune ni kaɗai a falo ina ta ƙyaƙyatawa, 'yata ta leƙo ta ga ko lafiya. Na ce mata wani tsohon labari na tuna. Ba tsoho ba ne, sabo ne fil, kuma ni na haɗa shi da hannuna.

Ban yi boko ba. Rubutun nan da girmana na tsince shi a ajin yaƙi da jahilci, saboda haka in kin ga harafi ya karkace ki miƙe shi. Sunayen da zan ambata ma na canza su. Ni dai mutumin Kano ne, fataucin goro na yi tsakanin Kano da Kumasi tun ƙuruciya har gwiwoyina suka ce sun gaji. Da mai ɗakina ta rasu, 'yata Sadiyya ta ɗauko ni ta kawo ni Landover, wani gari a jihar Maryland a ƙasar Turawa. A nan kuwa duk wanda ake son a san asalinsa ni ake tambaya. Na san uban wane, na san kakan wance, na san wanda ya zo ƙasar nan da jaka ɗaya da wanda ya zo da mata da 'ya'ya. In za a yi suna ko ɗaurin aure ko ta'aziyya, ni ake zaunarwa a gaba in faɗi waye waye. Maganata ba a sake auna ta. Ki riƙe wannan, domin a nan ciwon yake.

To, gwiwa. Shekaru na yi ina salla a kan kujera. Goshina ya manta ƙasa. An yi mini allura, an ba ni ƙwayoyi har cikina ya fara ƙuna, an sa ni motsa ƙafa a ruwan ɗumi tare da tsofaffin Turawa kamar agwagi, duk a banza. Rannan likitata, wata Baturiya mai suna Rachel, mace mai kirki, ta ce akwai wani man shafawa da ake yi da tabar wiwi, jihar Maryland ta yarda da shi don magani, za ta yi mini takarda a ba ni kati. Sadiyya tana fassara mini, ta kai wajen kalmar nan ta tsaya tana kallona. Da ta faɗa, na miƙe da sandata na fita, ko sallama ban yi wa Baturiyar ba. Ni? Wiwi? Ni da na san warinta a bayan tasha, na san jajayen idanun 'yan kamasho, na taɓa korar yaron mota a tsakiyar daji saboda na ji ta a rigarsa? Har yau in na fita a nan na ji warin nan yana tashi daga motocin yara a bakin danja, sai na toshe hanci na yi a'uzubillahi. Ban canza ba, kuma kada ki ce na canza.

Sadiyya ɗiyata ce, taurin kaina ta gado. Ta je ta yi katin, ta sa sunanta a matsayin mai karɓo mini, ta sayo man ta ajiye a kan durowa. Ni da shi muka yi ta kallon juna har sanyi ya shigo. Wata safiya ƙanƙara ta zuba, gwiwar hagu ta kumbura har na kasa zuwa banɗaki sai da rarrafe. Na zauna na yi lissafi irin na fatake. Na ce hagu dai dama ita ce ta ƙazanta, da ita ake shiga bayi. Sai na lakato man da hannun hagu na shafa wa gwiwar hagu kaɗai, na bar ta dama da tsarkinta, don in an tambaye ni gobe kiyama in ce rabi ne kawai ya yi laifi.

'Yar nan, ba a yi mako ba hagu ta fara lanƙwashewa kamar ta saurayi, dama tana nan a sandare kamar muciya. Na koma tafiya a karkace, ɓari ɗaya yana sauri ɗaya yana jan baya, in na nufi kicin sai in tsinci kaina a bakin taga. Daga ƙarshe na ce wa ta dama ta yi haƙuri, tsarkin nan nata ya ishe ni, na shafa mata ita ma. Ranar da na kai goshina ƙasa, na daɗe ban ɗago ba. Na yi kuka, na yi dariya, na ƙara nafila ba don komai ba sai don in sake durƙusawa. Yanzu haka kawai nake yar da hula ƙasa don in sunkuya in ɗauka. Bene nake hawa ba abin da zan ɗauko a sama. Kuma wallahi bai taɓa juya mini kai ba, hankalina garau, wannan murnar tawa ce ta kaina.

Ga inda na yi ɓarnar, in ɓarna ce. Kin san mu. A wajenmu in magani ya yi maka, ba ka ɓoye shi. Wanda ya sami sassaƙen da ya kashe masa basir ya kwana da shi shi kaɗai, ai mugu ne. Uwata in ta jiƙa magani unguwa guda ke sha. Mu kuma dattawan Hausawa muna da zama duk Lahadi a wani ɗaki da muka kama muka mayar masallaci, a yi karatu, a yi azahar da la'asar, a ci abinci. Sahun baya duk kujeru ne, namu na masu gwiwa. Ranar da na wuce kujerata na shiga sahun gaba na zube ƙasa, kowa ya bi ni da kallo. Ana sallamewa suka yanyame ni. Alhaji Masawudu, mutumin Kumasi, wanda na yi cinikin goro da babansa, har taɓa gwiwar ya yi ya ji ko ƙarfe aka sa mini.

Sadiyya ta ja mini kunne tun farko cewa kada in ba kowa. Na ji ta. Amma yaya zan kalli tsofaffi suna cije baki in yi shiru? Sai na tattara ƙananan gwangwanayen man shafawa da na turaren wuta, na wanke su tas, na ɗiɗɗiba na kai. Da suka tambayi sunansa na ce man ganye ne daga wajen likita. Ki duba maganar nan da kyau, akwai ƙarya a ciki? Ganye ne, kuma likita ce ta rubuta. Sunan ganyen ne kawai ba wanda ya tambaya. Masawudu ya raɗa masa suna Man Baba, sunan ya bi shi.

Ba kowa ya yi wa aiki ba, in faɗi gaskiya, mutum biyu sun ce ba su ji komai ba sai maiƙo. Amma sahun kujeru ya rage sosai, har aka naɗe wasu aka jingine a bango. Ki zo ki ga tsofaffi suna gasar tashi daga sujada! Masawudu har ɗan tsalle ya yi a wajen ajiye motoci, matarsa ta ce zai ja musu abin kunya. Ni kuwa ina ta shan addu'a, wannan ya ce Allah ya gafarta wa iyayena, wancan ya aiko mini da dambun nama. Sadiyya ta ga man yana ƙarewa da wuri, ta tambaye ni ko wanka nake yi da shi. Na ce gwiwoyin fatake manya ne.

Abin da ya fi ba ni dariya, in muka fito a mota ɗaya muka wuce ta gaban kantin da ake sayar da abin, mai koren tambari, duk motar sai ta ɗauki tsinuwa. Allah wadaran ƙasar da ta halatta wiwi, Allah ya shirya. Ga shi kuma kowa yana ƙamshinta a gwiwa. Ni ma ina taya su tsinewa, in juya fuska wajen taga kada dariya ta tona ni. Na taɓa raka Sadiyya kantin, na zata zan tarar da 'yan daba. Tsofaffin mata na tarar da sanduna, da wani tsohon soja mai ƙafar roba, kowa a layi cikin ladabi kamar a banki. Wata Lahadi na jefa tambaya a majalisa kamar ba komai, na ce me suka gani game da wiwin da likita ke rubutawa. Masawudu ya ce in dai likita ne ya rubuta ai magani ne, shi bai ga laifi ba. Wani ya ce dabarar Turawa ce ta lalata 'ya'yan mutane. Wani ya ce in shafawa ce da sauƙi, hayaƙin ne bala'i. Wani kuma ya ce shi matsalarsa sunan, da za a kira ta da wani abu da ya gwada. Na ce a raina, ka riga ka gwada, ɗan'uwa.

Sai Malam Dabo ya yi magana. Shi ne mai ja mana karatu, injiniya ne da ya yi ritaya, yana zaune a Springfield can jihar Virginia, mutum mai natsuwa wanda ba ya ɗaga murya. Ya ce ranar da wiwi ta shiga gidansa ta ƙofa, shi ta taga zai fita. Kowa ya ɗauka wa'azi ne. Ni kaɗai na san ba wa'azi ba ne. Na san mahaifinsa a kasuwar goro. Na san ƙanensa Rilwanu, yaro kyakkyawa mai ƙoƙarin karatu, wanda ya faɗa shan abin nan har kansa ya taɓu, aka yi ta yawon magani da shi, ya ƙare a ɗaure a ɗakin zaure. Ina cikin waɗanda suka ɗauki makararsa. Malam bai taɓa ambatarsa a ƙasar nan ba, ni ma ban taɓa ba.

Kuma Malam Dabo, Hajiya, shi ne wanda man ya fi karɓa duk cikinmu.

Da farko ban ba shi da kaina ba, Allah shaida. Masawudu ne ya ɗibar masa. Da ya ji daɗi ya zo da kansa, ya riƙe hannuna biyu ya roƙe ni. Ta yaya zan hana malami? Na cika masa tsohuwar kwalbar zuma guda da man. Yanzu ga abin da ya hana ni sukuni: ranar Alhamis mai zuwa zai tashi zuwa Umara da iyalinsa. Da can ya haƙura cewa a keken guragu za a tura shi. Yanzu ya tsaya a gaban jama'a ya ce in Allah ya yarda da ƙafarsa zai yi ɗawafi, albarkacin Man Baba, kuma zai ambaci sunana a gaban Ka'aba. Ya ce kwalbar tana cikin akwati, har zai ɗibar wa yayarsa da za ta zo daga Kano su haɗu a can. Aka yi kabbara. Ni ma na yi, har na fi kowa ƙarfi.

Sai da muna cin abinci Masawudu ya tsokane ni cewa kada in ba Malam guzurin goro, don a Jidda ƙwacewa ake yi. Na ajiye lomar da ke hannuna. Ni fa na san wannan tun da daɗewa, na san alhazan da aka tsare saboda goro. Goro fa, abin da ake rabawa a ɗaurin aure! To ina ga kwalbar wiwi wadda ba takarda, ba suna, an rufe bakinta da leda? Na hango Malam da haraminsa fari tas, kare yana shinshina akwatinsa, ana tambayarsa mene ne wannan, shi kuma da zuciya ɗaya yana cewa Man Baba ne. Kin ga, yanzu ma da na rubuta sai da na yi dariya.

Na gwada dabara. Na kira shi na ce zafin Makka zai narkar da man ya lalace. Ya ce akwai firji a masauki. Na ce ya dawo mini da shi in ƙara masa wani haɗi, ya ce wannan ɗin ma ya isa, kada in wahala. Na yi tunanin in je taya shi shirya kaya in zare kwalbar, sai na ji Hajiyarsa ta naɗe ta a zani a tsakiyar akwati ta sa kwaɗo. Na yi tunanin in musanya da man kaɗe in ɗiga masa man zafi don ƙamshi, amma in ya shiga ɗawafi da ƙarfin gwiwa gwiwar ta yaudare shi a tsakiyar jama'a fa? Har na yi tunanin in ce mafarki na yi, sai na tuna girman zunubin ƙaryar mafarki. Ni kuma ba maƙaryaci ba ne.

Kada ki ce in faɗa masa, wannan na riga na yanke ba zan yi ba. In na faɗa, na sa wa mutumin nan abin da ya kashe ƙanensa a jiki, ya yi ta ja mana salla da shi. Zai kalle ni da wane ido? Kuma gobe wa zai sake tambayata asalin wani, ni da aka san magana ɗaya nake yi? Abin da nake so ki ba ni dabara ce irin ta 'yan boko, wadda za ta fitar da kwalbar nan daga akwati, Malam ya yi Umararsa lafiya, ni kuma rawanina ya zauna a kaina. Na san kuna da irinta.

Ki gaida mai gidan da yara. Allah ya yi miki albarka.

Naki,
Tsohon Bafatake Mai Sabuwar Gwiwa, Landover

*

Wa alaikumus salam, Baba. Ina gaisuwa, ina kuma taya ka murnar komawa sujada. Na yi dariya a wajen gwiwar hagu har abokiyar aikina ta zo duba ni. Amma da na kai kan akwati dariyar ta tsaya, shi ya sa na tura maka wannan amsa ta waya tun ranar da saƙonka ya iso, ban jira fitowar jarida ba. Sunayen ma na sake canza su, domin mu nan ba mu da yawa.

Ka ce kada in ce ka faɗa masa. Ka gafarce ni, Baba, abin da zan ce ke nan. Dabarar da kake nema babu ita, a boko ko a wajen boko. Ko ka yi sa'ar zare kwalbar, Malam zai aika wa Alhaji Masawudu ya ɗibar masa wata, tunda bai san dalili ba. Abin da zai raba shi da man nan har ya hau jirgi shi ne ya san mene ne.

Tsoronka kuma a kan hanya yake. Yardar da Maryland ta yi ta Maryland ce. Filin jirgi da ƙetare iyaka suna ƙarƙashin dokar tarayya, ita kuwa ba ta ba kowa izinin fita da wannan abu ba, ko mai kati, balle wanda ba shi da takarda ko ɗaya da sunansa. Saudiyya kuma ba ta wasa da duk abin da ya shafi miyagun ƙwayoyi, kuma cewa ban sani ba ba ta cika fitar da mutum ba. Dattijo ne zai iya rasa 'yancinsa da mutuncinsa, tare da matar da ta naɗe kwalbar da hannunta.

Ban ɗauke ka mugu ba ko kaɗan. Raba magani tausayi ne da muka taso a cikinsa, kuma da niyyar alheri ka yi. Sai dai maganin likita an auna shi ne da jiki ɗaya. Cikin abokanka akwai masu ciwon suga, da masu shan maganin zuciya, da waɗanda ake gwada jininsu a wajen aiki, ba ka san wanda zai cutu ba. Sannan maganar man ganye, Baba, mu faɗa wa juna gaskiya. Kowace kalma a cikinta daidai ce, amma ka zaɓe su ne don kada a gane. Da ka ambaci sunan ganyen, da wasu sun karɓa da murna, wasu sun ƙi. Wannan zaɓin nasu ne, kai kuma ka yi musu shi ba su sani ba.

Ga yadda nake ganin za ka yi. Ka fara da Sadiyya yau ɗin nan. Sunanta ne a takardar karɓo maganin, ita abin zai fara shafa in ya ɓaci, kuma ita za ta tuƙa ka zuwa Springfield. Za ta yi faɗa, ka bar ta ta yi, tana da gaskiya. Ku je gidan Malam, ba masallaci ba, kuma ba ta waya ba. Ka nemi ku keɓe ku biyu. Kada ka yi doguwar shimfiɗa irin ta masu tarihi. Ka ce masa kwalbar nan ba za ta yi tafiya ba, ka faɗi abin da ke ciki da sunansa, ka ce ka sani tun farko, ka nemi gafara. Ka tabbata an fito da ita a gabanka, har da zanin da aka naɗe ta, Sadiyya kuma ta tambayi likita yadda za a zubar da ita.

Abu biyu kada su fito daga bakinka. Kada ka ce ai ga shi ya yi maka aiki. Zai ji kamar ka kafa masa tarko ne don ka ci shi da hujja. Kuma kada ka ambaci ƙanensa sai in shi ya ambata. Ƙin da yake yi wa abin nan ba jahilci ba ne, kabari ne a bayansa, kai ka fi kowa sani. Mutane da yawa da ke ƙin wiwi wani suka gani ta lalata, masu karɓarta kuma wani suka gani ta sauƙaƙa wa ciwo. Kai ka ga duka biyun da idonka, don haka ka fi kowa cancantar yi masa uzuri. In ya yi shiru, ka yi shiru tare da shi. In ya ce ka fita, ka fita ba tare da kare kanka ba.

Sauran dattawan kuma ka bi su ɗaya-ɗaya cikin makon nan, ba a taron Lahadi ba, don kada Malam ya ji kunya a gaban ɗalibansa. Wanda yake son ci gaba ya je wajen likitansa ya nemi nasa. Rabo ya ƙare daga yau. Ka kuma gaya wa likitarka abin da ya faru, ta ji irinsa ba sau ɗaya ba.

Batun halal da haram, ni ba malama ba ce. Na san dai malamai suna bambanta sha don maye da magani don lalura a hannun likita, kuma suna da saɓani a kan iyakar hakan. Ka kai tambayarka ga malamin da ka amince da shi, ka faɗa masa komai yadda yake. Ta fuskar lafiya ma ba mu'ujiza ba ce: wasu na samun sauƙi, wasu ba sa samu, likitoci na kan bincike. Kai da aka rubuta wa, ban ga abin kunya a kanka ba. Ƙyamar da kake yi wa hayaƙin titi kuma ba wanda ya ce ka bari.

Malam yana da sauran lokacin ganin likitansa kafin Alhamis, a ba shi maganin da zai wuce da shi da takardarsa. In gwiwar ta ƙi, ɗawafi a keke ɗawafi ne, ladansa bai ragu ba.

Kana tsoron a daina yarda da maganarka. Wataƙila wasu su yi gunaguni na ɗan lokaci. Amma in labarin nan ya iso daga Jidda maimakon daga bakinka, babu wanda zai sake zama kusa da kai, kuma kai ma ba za ka yafe wa kanka ba. Gara Malam ya tafi Makka yana fushi da kai ya dawo gidansa lafiya, da ya tafi yana sa maka albarka a tsare shi a hanya. Ka sa hularka, Baba, ka kira Sadiyya.

Allah ya sanyaya zuciyar Malam, ya kai su lafiya ya dawo da su lafiya, ya karɓi ibadarsu. Kai kuma Allah ya ƙara maka lafiya da tsawon rai, ya bar zumuncinku.

'Yarka,
Sailuba